Sunan da Malam Isiya Bai Taɓa Faɗa Ba

Ran nan ina zaune kan tabarma da wata tsohuwa da aka kawo mani daga bayan Ƙanƙara, na riƙe hannunta na hagu ina buga shi a gwiwarta muna cewa "tu-kun-ya", sai na jiyo dariya daga bayan rumbu. 'Yan matan gidanmu ne da ƙawayensu. Da baƙuwar ta tafi, autata Bilki ta leƙo ta ce, "Inna, don Allah wannan ma sana'a ce? Ki zauna ki yi ta hira da tsofaffi, a kawo maki dawa har gida? Ni ma gobe zan buɗe tawa." Na ce mata Allah shi ba da sa'a. Amma tun da ke da ƙawayenki kuna ganin abin da sauƙi, bari in rubuta maku yadda yake, da ɗan rubutun da na koya a ajin yaƙi da jahilci. Ku yi haƙuri da ni, ba ni da sauri. Aikin ne ya cire mani shi.

Aikina zama ne da wanda magana ta kuɓuce wa. Yawanci manya ne da hawan jini ya kayar, ɓarin jiki ya shanye, baki ya tafi tare da shi. Wani lokaci kuma yara ne da suka isa magana amma ta ƙi zauna masu daidai. Ba na ba da magani, ba na tofi. Duk wanda aka kawo mani, tambayata ta farko ita ce ko an kai shi asibiti, ko yana shan maganinsa. In ba a kai shi ba, sai in ce a je a dawo. Nawa yana farawa ne bayan likita ya gama nasa, an dawo da mutum gida an jingine shi da bango, kowa ya koma harkarsa. Shi kuma yana kallon butar da ke gabansa, ya san ta sarai, ya san abin da ake yi da ita, amma sunanta ya ƙi zuwa.

Ɗana na biyu, Nasiru, shi ya kai ni ga wannan aiki. Ya yi wayo, yana gudu, yana kora awaki, amma in ya buɗe baki wutsiyar magana kawai ke fita. Makaranta "ranta" ce a wurinsa, asibiti "biti", tattabara "bara". Gajerun kalmomi ba su ba shi wahala: ruwa, tuwo, Inna, duk daram. Da kalma ta yi tsawo sai kanta ya ɓace. Wasu suka ce linzami ne a ƙarƙashin harshe, a kira wanzami. Wasu suka ce iska ce. Wata maƙwabciyata ta ja ni gefe ta ce kafin a sa wa yaro aska, in kai shi wurin Iya Rifkatu.

Iya Rifkatu Bamaguza ce da iyayenta suka shiga addinin Kirista, tana zaune a wani ƙauye yamma da Ƙanƙara. Ta yi shekaru tana shara da wanke marasa lafiya a wani asibiti, a can ta ga yadda ake yi da masu shanyewar jiki, ta dawo gida ta ƙara da nata. Sana'arta ta yau da kullum ɗinkin ƙwarya ce. Ranar da na fara zuwa na same ta da fasasshiyar ƙwarya a cinya tana huda bakin tsagar. Ba ta ajiye ba. Ta bar Nasiru ya yi ta surutunsa da kajinta, tana saurare. Can ta ce, "Ɗiyata, babu abin yanka a bakin yaron nan. Maganar tana ciki, a rabe take kawai."

Ta ɗebo wake ta jera ƙwaya huɗu a faifai. Ta ɗora yatsansa kan biyun ƙarshe, ya ce "ranta", abin da ya iya. Ta matsar da yatsan baya kaɗan, suka yi ta yi har "karanta" ta fito. Ba ta taɓa waken farko ba sai a wani zuwan. Ta ce mani, "Kada ki fara daga inda ba shi da komai. Nemo abin da ke hannunshi, ki ɗinka sabo a jikinshi." Nasiru yanzu direba ne, in ya fara zuba a tasha sai an roƙe shi ya yi shiru.

Na ci gaba da bin ta ina ɗaukar mata jaka. Abin da ya fi ba ni wuya wajen koyo shi ne shiru. In mutum yana laluben kalma, gumi na keto masa, bakinka kai mai lafiya ƙaiƙayi yake ya miƙa masa ita don tausayi. Duk lokacin da na yi haka sai Iya Rifkatu ta mintsine ni a cinya, ba tare da ta dube ni ba. A hanya ta ce, "Ya kusa kamawa kika ƙwace. Gobe ba zai miƙa hannu ba, zai jira ki." Cinyata ta sha mintsini kafin in iya zama. Daga baya da na shiga ajin yaƙi da jahilci, malamarmu ta rubuta kalma a allo ta raba ta gaɓa-gaɓa, na yi ta kallo baki buɗe. Ashe waken Iya Rifkatu ne aka zana da alli.

Wata Hajiya mai ƙuli-ƙuli a Sabuwa ita ce ta farko da na yi wa aiki ni kaɗai. Mace ce da ta ƙare rayuwarta a gindin murhu, don haka na sa aka jero mata kayan girkinta. Turmi ya fito. Wuta ta fito. Da na ɗaga matankaɗi sai ta ce "tankaɗe", ta yi ta girgiza hannu, ta tsaya nan. Kan kalmar da ƙarshenta sun zube, cikin kawai ya rage. Na nuna mata gidan sauro. Yau ta ce "gida" ta yi shiru, gobe ta ce "sauro" ta yi shiru, su biyun sun ƙi haɗuwa a baki ɗaya. Kuma ba a faɗa kawai abin yake ba, har a ji. In na ce ta miƙo mani matankaɗi, sai ta miƙo garin. Kunnenta ya kama tsakiyar, sauran ya wuce ta.

A gidan nan na fara jin tsoron Allah a kan magana. Mu masu lafiya muna ɗauka doguwar kalma abu ɗaya ce dunƙule, kamar dutse, ka ɗauka ka jefa. Ashe dami ce. Duk lokacin da za ka faɗe ta sai an tattaro an ɗaure, mai saurarenka kuma sai ya kwance ya duba, kuma duk wannan yana faruwa kafin ƙiftawar ido, daga safe har dare, ba mu taɓa jin nauyinsa ba. Ciwon nan igiyar yake tsinkawa. Karan yana nan a warwatse.

Kayan aikina ba su cika jaka ba. Faifai da wake. Ƙaramin madubi, don mutum ya ga leɓɓansa kusa da nawa. Gashin kaza, a ɗora a tafin hannu a hura, don iska ta koyi fita ta inda ake so. 'Yar zuma da ake shafawa a gefen baki, harshe ya fito nema. Amma babban kayan aikin ba a jakata yake ba, hannun mara lafiyar ne, wanda bai shanye ba. In yana bugawa a gwiwa ko a ƙasa, kowane bugu gaɓa ɗaya, sai kalmar ta samu abin takawa.

Wani abu kuma da shekaru suka nuna mani: kalmar da baki ya saba bi ita ke fara dawowa, ko da doguwa ce. Na ga manomi da ya kasa cewa cokali, amma in aka gaishe shi "Alhamdulillahi" ta fito sumul har ƙarshe. Kamar hanyar rafi ce da ƙafa ta daɗe tana bi. Ko ciyawa ta rufe ta, ƙafar ta san wurin.

Masu kawo mani aiki, su ne rabin wahalar. Suna son uban nasu, amma sai su riƙa yi masa ihu kamar kurma, ko su yi masa magana irin ta goyo, ko su amsa tambayar da aka yi masa yana zaune. Nakan tara su in ce, "Ba kurma ba ne, ba yaro ba ne. Yana jin ku, yana kuma jin haushinku." Sannan in zaɓi mutum ɗaya a gidan da zai riƙa maimaita masa abin da muka yi kafin in dawo, don ni baƙuwa ce, zuwa nake in tafi. In babu wannan mutum, abin da na ɗinka yau kafin wani zuwan ya warware. Kuma ba kowa ke dawowa ba. Akwai wanda na yi damina da rani da shi, ya tafi kabari da "to" da "a'a" kawai.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana noman gonakin nesa ita ce mafi muni a aikina. Hanyar Sabuwa ta zama sai wanda ya shirya. Wata baiwar Allah a Damari da muka kai har tana kiran jikokinta ɗaya bayan ɗaya, na kasa zuwa wurinta. Da hanya ta buɗe na same ta ta koma shiru. Ƙauyuka suka kwararo cikin gari, kuma tare da su ciwon ya kwararo, don tsoho ya bar rumbunsa da kabarin iyayensa ya kwana a ɗakin aro, jini ba ya zama lafiya. Na koma Faskari wurin ƙanwata na zauna, saboda a can aikin ya taru.

A can wani saurayi mai suna Sani ya zo ya durƙusa a ƙofar gida. Mutanen wani ƙauye ne kusa da Ruwan Godiya. Ya ce, "Gwaggo, ki taimaka mana da Baba. Yayanmu aka harbe a gona. Tun ranar da aka kawo gawar ya faɗi. An kai shi asibiti, shina shan magani, amma baki ya ƙi."

Mahaifin nasa, Malam Isiya, dogo ne, da hannuwa irin na wanda ya yi noma tun yana yaro. Na same shi a tsakar gidan da aka ara masu, ɓarin dama a mace, sanda a hannun hagu. Matarsa, Inna Dije, tana zaune gefe, kuma duk zaman da muka yi tana nan. A kusurwa an jingine wata garma. Na yi mamakin mutanen da suka gudo da kayan jikinsu amma suka ɗauko garma, sai dai ban tambaya ba. Muka fara da ruwa, da goro, da hula. Yana da naci. In kalma ta ƙi sai ya buga sanda a ƙasa ya sake.

Wata rana muna cikin aiki, Hauwa, matar mamacin, ta kawo ruwa. Tana cikin takaba, ga tsohon ciki. Ta durƙusa da ƙyar ta ajiye ta juya. Malam Isiya ya buga sanda. Ya nuna bayanta, ya nuna garmar, ya nuna bakinsa. Ya sake yi. Na dubi Inna Dije.

Ta ce, "Garmar nan ta marigayin ce. In namiji aka haifa, sunan mai garmar shike so a mayar. Kuma ba ya son kowa ya raɗa wa liman sai shi."

Na ce, "To madalla, sai mu fara tun yanzu. Mi ne sunan?"

Ta sunkuyar da kai tana tsinke zaren zanenta. Can ta ce, "Ɗan fari ne."

Kun san al'adarmu, ko da yake ku 'yan yanzu kun fara sakinta. Uwa da uba ba su kama sunan ɗan fari. Mace kuma ba ta kama sunan mijinta, balle tana cikin takabarsa. Na ce, "To shi Malam, da mi yake kiranshi?"

Ta ce, "In yana kusa, 'kai'. In ba ya nan, 'yaron nan'. Har ya yi gemu ya aje iyali, yaron nan ne."

Sai da Sani ya dawo daga ƙwadago ya raka ni bakin hanya na ji sunan. Abdurrahman.

Na tafi ina auna aikin. Suna ne dogo, biyu ne aka ɗinke, kuma wurin ɗinkin yana da nauyi ko a bakin mai lafiya. Wannan na saba. Abin da ban taɓa gamuwa da shi ba shi ne kalmar da ba ta da hanya a bakin mutum ko kaɗan, tun yana da lafiya. Malam Isiya ya raɗa ta sau ɗaya ranar sunan ɗansa, ya rufe bakinsa a kanta tun daga ranar. Sannan babu mai maimaita masa. Uwar ba za ta faɗa ba, matar ba za ta faɗa ba, Sani kuma fita yake da sassafe neman abin da za su ci.

Da na koma na jera wake a faifai. Na ce, "Baba Malam, ka gafarce ni. Ba rashin kunya ba ce, aiki ne." Ya ce, "To." Na faɗi sunan a fili, a tsakar gidan. Inna Dije ta tashi ta shige ɗaki. Tsohon ya rufe ido ya daɗe. Da ya buɗe sai ya ɗora yatsa kan waken farko da kansa.

Mun sha wuya. Na bi ta wutsiya kamar yadda aka koya mani, ta ƙi. Na bi ta kai, sai "Ab... Ab..." haƙora su datse. Madubi bai yi ba. Wata rana cikin gajiya na ce bari in sassauta, na ce "Audu". Kafin in rufe baki ya ce "Audu!" da ƙarfi, har da harara. Daga ƙofar ɗaki Inna Dije ta yi dariyar da ban taɓa ji ta yi ba.

Ta ce, "Wannan ai ya saba! Sunan maƙwabcinmu ne a gida. Awakinshi ba su da aiki sai dawarmu. Kullum sai Malam ya tsaya bakin darni ya kira shi."

Rabi ya samu ke nan, daga faɗan awaki. Saura rabi.

Shi ma ba ni na nemo shi ba. Na zo da wuri wata safiya na tarar Inna Dije ta kawo masa kunu. Ya karɓi ludayi ya yi bisimilla, cikakkiya, ba tuntuɓe, kamar yadda ya yi ta kafin kowace loma tun yana yaro. A cikinta na ji rabin da nake nema ya wuce, sunan Ubangiji Mai rahama, lafiya lau. Mutumin da ba ya iya cewa ludayin da ke hannunsa, ga rabin sunan ɗansa a bakin darni, ga ɗaya rabin a cikin bisimillarsa, kowanne da ransa, shekara da shekaru suna zaune a kai ɗaya ba su taɓa gaisawa ba.

Amma ganin abu daban, ciro shi daban. In ya fara bisimilla sai ta ja shi har ƙarshe, kamar mai gangarowa daga tudu. In na tsayar da shi a tsakiya sai duka ta rushe, ya zauna yana haki. Muka yi ta yi. Bugun gwiwa bai ishe shi ba, sanda kuma ta yi masa sauƙi. Ran nan ya nuna kusurwa, na ɗauko masa garmar. Ya riƙe ta da hagu yana dukan ƙasa da ita, kowane duka gaɓa ɗaya. Da nauyin garmar "Rahman" ya fara fita shi kaɗai. Sai dai tsakanin rabin farko da na biyu akwai rami. Ya ce "Audu", ya tsaya har mutum ya iya shan ruwa, sannan "Rahman". Na ce masa ko haka liman zai gane. Ya girgiza kai ya ce, "A'a." Na fahimce shi. Wannan mutum biyu ne, ba ɗansa ba.

Ana haka Hauwa ta haihu. Namiji.

Kwanakin kafin suna kullum ina gidan, kuma ramin bai rufe ba. Ana gobe suna Sani ya zo ya tsuguna gabanmu. Yaron kirki ne, tausayi ke cinsa. Ya ce, "Gwaggo, a bar wahal da tsohon nan haka. Ni in raɗa wa liman, ai duk ɗaya ne. Ko kuwa a sa Ali ko Musa, abin da bakinshi zai ɗauka."

Garma ta daki ƙasa. "A'a."

"Baba, duk mutanen garinmu da ke Faskari za su zo. In ka zauna gabansu baki ya ƙi fa? Kai da ake kira rabon faɗa, a koma ana cewa wayyo?"

Tsohon ya kawar da kai. Na ja Sani zaure na ce, "Ka zauna kusa da shi. In ya kasa, ka faɗa. Amma ba kai za ka yanke cewa ya kasa ba. Kada ka buɗe baki sai ya juyo ya dube ka, ko da shirun ya kai ina."

Ya ce, "Gwaggo, in mutane suka fara magana fa?"

Na ce, "Su yi. Da a cikin mata ake yi da na zauna kusa da kai in mintsine ka."

Da safe maza suka taru a ƙofar gida, mu mata muna ciki. Ni da Inna Dije muka tsaya bayan ƙyauren zaure, inda ake jin komai ba a ganin kowa. Aka fito da Malam Isiya, ya ƙi tafiya sai da garmar. Na ji wani yana cewa, "Malam, suna za a yi ko huɗa?" aka yi dariya. Aka raba goro da dabino. Sai muryar liman: "To, Malam Isiya, bisimilla. Ga kunnena."

Shiru.

Na saba da shiru, amma wannan ya yi tsawo. Wani ya yi tari. Rago ya yi kuka a turke. Wata murya ta ce a hankali, "Sani, taimaki tsoho mana." Sani bai ce komai ba. Allah shi yi wa yaron nan albarka, bai ce komai ba.

Sai na ji garma ta daki ƙasa. Ta sake. Ta sake. Ina jiran "Audu" da raminsa. A nan ne na tuna duk aikin da muka yi da murya sama muka yi shi, ban taɓa koya masa raɗa ba.

Bai yi raɗa ba. Ya ja numfashi, ya ɗaga murya irin ta manomin da ke wannan bakin gona yana kiran wanda ke wancan bakin.

"Abdurrahman!"

A haɗe, ba rami, ba alamar ɗinki. Har tattabaru suka tashi daga kan katanga. Ni faɗa na koya masa, gaɓa bayan gaɓa. Wannan kuwa kira ne, kuma ban san ta inda ya bi ya fito ba. Har yau in na tuna sai in ce Allah Kai ne Mai iko.

Sani ya ba ni labari daga baya cewa liman sai da ya zabura ya dafe kunne. Can sanƙira, wanda aikinsa ne ya shelanta sunan, ya gyara murya ya ce, "To jama'a, Malam ya riga ni. Wanda bai ji ba, sai dai in a Ƙanƙara yake." Aka fashe da dariya, wasu na yi suna share ido da bakin riga. Liman ya ce a yi fatiha.

A cikin gida mai guɗa ma ta manta da aikinta, sai da aka taɓa ta. Hauwa tana ɗaki, ba mu ji motsinta ba. Inna Dije tana nan tsaye inda take, hannunta a jikin ƙyaure. Ba ta dube ni ba. Ta ce, kamar mai magana da kanta, "Ashe haka yake a bakinshi."

Bayan an watse da 'yan kwanaki na koma, don kalmar da aka samu sabuwa in ba a bi ta ba gudu take. Na shimfiɗa tabarma, na jera wake. Jaririn yana cinyar Inna Dije. Na ce, "Baba Malam, mu sake sunan, kada shi kuɓuce." Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda bai san ya kamata ba. Ya ce, "A'a." Sannan ya nuna jaririn da haɓa, ya ce, sarai, ba garma ba wake, "Yaron nan."

Na kwashe wakena, muka koma kan ludayi.